Na karanta jiyoloji: in karɓi koyarwa ko in nemi aikin ma'adinai a waje?

Assalamu alaikum manyanmu. Na gama digirin farko a jiyoloji, wato ilimin ƙasa da duwatsu, na yi hidimar ƙasa, yanzu ina bin wani maigida mai haƙar rijiyar burtsatse. Ni nake auna ƙasa da na'urar lantarki in nuna inda za a huda, in an fara haƙa kuma in riƙa rubuta abin da ke fitowa. Da rani ana samu, damina na sauka sai zama. Tun ina aji uku burina shi ne binciken zinare a Ostireliya ko Kanada, daga baya in dawo gida in koyar. To ga abu biyu sun taso min lokaci guda. Sashenmu na son ɗaukata mataimakin malami, in fara digiri na biyu a nan. Wani eja kuma ya ce zai samo min aikin ma'adinai a Ostireliya har da biza, amma kuɗin da ya yanka sai an sayar da filin da mahaifinmu ya bar mana. Hajiya mahaifiyarmu ta ce duk abin da na zaɓa ta amince, wannan ne ma ya ƙara min nauyi. Don Allah wanda ya san hanyar ya haska min.

Mazauniyar Perth: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka taɓa filin nan. A dokar Ostireliya laifi ne a karɓi kuɗi ko a ba da kuɗi don kamfani ya ɗauki nauyin bizar mutum, tun 2015 ake hukunta hakan. Kamfanin da ke buƙatarka shi zai kashe kuɗi a kanka. Kuma in gaya maka gaskiya, ba su cika ɗauko sabon ɗan makaranta daga wata nahiya ba, ga nasu na fitowa daga makarantar ma'adinai ta Kalgoorlie kowace shekara. Abin da suke nema gogewa ce. A ƙarƙashin JORC, ƙa'idar rahoton ma'adinai ta Ostireliya, wanda zai sa hannu a rahoton yawan ma'adinin da ke ƙasa sai ya yi aƙalla shekara 5 yana aiki a kan irin wannan ma'adinin, kuma yana cikin ƙungiyar ƙwararru irin AusIMM ko AIG. Lissafin shekarun nan daga filin aiki yake farawa, ko a Afirka ka yi su ana ƙirgawa.

Tsohon ma'aikacin zinare a Ghana: Hajiyar Perth ta faɗi gaskiya, bari in ɗora. Yaro, ka ɗaga kai kana hangen Kanada, alhali ƙofar tana maƙwabta. Duwatsun Birimiya da suka ratsa Ghana, Burkina Faso, Kwaddebuwa da Mali, masu shekaru kusan biliyan 2, su ne suka haifi mahaƙun zinare na Obuasi da Tarkwa da Loulo da Essakane, kuma yawancin kamfanonin da ke binciken wuraren na Kanada da Ostireliya ne. In baturen da ka yi wa aiki a daji ya yarda da kai, shi zai kira sunanka idan ya koma wani aikin. Haka na ga ana tafiya, ban ga wanda eja ya kai ba.

Ka san me za su gwada ka da shi? Za a jera maka akwatunan sandunan dutse da injin ya hudo, a miƙo maka buroshi da ruwa da ɗan madubin hannu. Ka jiƙa dutsen, ka faɗi sunansa, ka nuna inda ruwan zafi ya sauya masa kama, ka auna kwanar da jijiyar farin dutse ta yanka sandar, ka ƙiyasta yawan farait, wannan mai ƙyallin da ke ruɗin 'yan koyo su ce zinare ne. Sannan ka yanke inda samfur zai fara da inda zai ƙare, ka sa lamba ba tare da ka haɗa buhu biyu ba. A cikin buhunan da za a kai ɗakin gwaji dole ka cusa waɗanda ba zinare a dutsen cikinsu, da waɗanda an riga an san adadin zinarensu, da tagwayen wasu, don a kama ɗakin gwajin in ya yi kuskure. Ba tsirfa ba ce. A 1997 aka gano cewa zinaren da kamfanin Bre-X na Kanada ya ce ya samu a Busang ta Indonesiya barbaɗa shi aka yi cikin samfur, mutane suka yi asarar dukiya mai yawa, shi ya sa Kanada ta fito da ƙa'idar rahoton ma'adinai ta NI 43-101 a 2001. Tun daga nan amana ta fi takarda tsada a wannan sana'a.

Kuma kada ka raina aikin burtsatsenka. Wanda ya tsaya a gindin inji yana tarar garin dutse mita bayan mita ya riga ya san rabin aikin haƙar gwaji. Ka gyara littafinka ya zama tsaf, da zurfi da launi da inda ruwa ya ɓullo, ka zuba su a manhajar taswira ta QGIS tunda kyauta ce, ka fitar da taswira. Shi za ka nuna.

Malamin jami'a: Alhaji, ina girmama gogewarka, amma ka ɓoye wa yaron nan rabin labarin. A 2013 da farashin zinare ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, masu bincike aka fara sallama, domin kamfani in ya ji matsi binciken yake fara tsayarwa. Nawa ne suka dawo gida suna neman koyarwar da suka ƙi? Ni na ce ya karɓi gurbin nan. Da sunan jami'a a bayansa zai fi samun tallafin karatu na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ko na Commonwealth, ko DAAD ta Jamus, ko ya nemi jami'ar KFUPM da ke Dhahran a Saudiyya, inda ake ɗaukar nauyin ɗaliban manyan digiri. Fita da bizar karatu ta fi tsafta.

Tsohon ma'aikacin zinare a Ghana: Farfesa, ban musa ba, ni ma ta ci ni a shekarar. Amma malamin da bai taɓa kwana a sansanin haƙa ba me zai koya wa yara? Na sha karɓar masu sakamako mai kyau da ba su iya riƙe kamfas su auna kwanciyar dutse ba. In zai karɓa, to ya zaɓi binciken da zai fitar da shi fili, kada ya yi digiri a kan tebur.

Ɗan Arlit: Ɗan uwa, ka koyi Faransanci, ko na gaisuwa da ba da umarni a bakin inji ne. In ka cire Ghana, ƙasashen da Alhaji ya lissafa duk da shi ake aiki, kuma yaran makarantar ma'adinai ta EMIG da ke Yamai da shi suke shige muku gaba. Maganar Farfesa ma gaskiya ce: mu nan mun ga yadda aka rufe mahaƙar yuraniyom ta COMINAK a Maris 2021, gari ya yi sanyi. Sannan ka bincika tsaro kafin ka karɓi aiki a Mali ko Burkina, kada albashi ya rufe maka ido.

Ma'aikaciyar muhalli daga Gusau: Ni tambaya zan yi: dole sai zinare? A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ba wanda ya gaya wa mutane cewa dutsen cike yake da dalma. Mai ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa da sinadaran duwatsu ana nemansa a ƙungiyoyin duniya, kuma kai ka riga ka fara ta ɓangaren ruwa.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar eja na ajiye ta, na kuma gaya wa Hajiya. Zuciyata ta karkata ga karɓar gurbin. Amma Baba Alhaji, dazukan Anka da Maru da Birnin Gwari da ya kamata in yi binciken a cikinsu ba sa shiguwa yanzu saboda 'yan bindiga. Ina zan dosa?

Tsohon ma'aikacin zinare a Ghana: Kada ka kuskura ka shiga can don digiri. Ka dubi kudu: yankin Ilesha a jihar Osun, inda mahaƙar Segilola ta fara fitar da zinare a 2021, ko duwatsun litiyom na Nasarawa, ko tsofaffin ramukan kuza na Jos. Ka sa shugaban sashenku ya rubuta wa kamfani takarda a ba ka damar duba sandunan dutsensu lokacin hutu, ko ba a biya ka ba. Ka fara shirin rajista da COMEG, hukumar rajistar ƙwararrun ma'adinai ta Najeriya, ka je taron shekara na NMGS, ƙungiyar masana ma'adinai da jiyoloji, da littafin nan naka a hannu. In ka zana taswirar farko ka turo mana nan, ni da Farfesa mu yi mata jan biro.