Gyambon da ya ƙi jin magani: muhawara a zauren unguwarmu na WhatsApp

Baban Khadija: Jama'a, raina a ɓace yake. Wata biyu ke nan gyambon ƙafar yarona ya ƙi warkewa. Ya sha ja-da-rawaya, ya sha Ampiclox, ya sha allura. Da munka kai shi asibiti nan Gusau anka gwada ruwan ciwon, likita ya ce ƙwayar cutar ta saba da magungunan, ba su kashe ta. Masu kemis ne sunka ja muna, suna sayar da magani ƙwaya biyu-biyu kamar goro. Yanzu masana sun koma binciken wasu bairos da ake kira fej, masu cin ƙwayoyin cutar bakteriya kaɗai, don a yi magani da su. Har cikin ruwan kwata ake samo su. Cibiyar Eliava da ke Tbilisi ta ƙasar Jojiya tun 1923 take wanga aiki.

Malam Liman: Kwata? Subhanallahi, ai najasa ce.

Anti Nas: Allah gafarta Malam, ba ruwan aka ba mutum ba. Tacewa ake yi, a raini fej ɗin a ɗakin gwaji, a tsarkake shi. Penisilin ma daga funfuna Fleming ya gano shi a 1928.

Malam Liman: Funfuna daban, kwata daban.

Ɗan Kebbi: Mu da ke shan ruwan gulbi a Argungu mi za mu ce?

Mai Kemis: A bar zancen kwata. Wa ake nufi da "kamar goro"? Mace ta zo da ɗanta jiki zafi, kuɗin ƙwaya huɗu gare ta, in kore ta?

Anti Nas: Yaya, ƙwaya huɗun nan ita ke koya ma cutar taurin kai. Mutum miliyan 1.27 cututtukan da ba su jin magani sunka kashe a duniya a 2019.

Maman Sadik: Masu kaji fa? Kullum suna zuba ja-da-rawaya a ruwan kaji, mu saya mu ci.

Alhaji Mai Kaji: Hajiya, ki fara biyan kuɗin kajin Sallah tukun.

Maman Sadik: A nan za ka tona mini asiri?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, masu kemis taimako suke yi, ƙanena ma sana'arsa ke nan kuma ban taɓa jin ya cuci kowa ba. Maganar kwata kuwa mun bar wa malamai. An rufe.

Baban Khadija: Ranka ya daɗe, ko mutum ɗaya bai tambayi jikin yaron ba. Gobe da safe za mu koma wankin ciwon, a sa mu a addu'a.