Neman kalma: me za mu kira "movilidad" ta daktocin Sifaniya?

1/ Jama'a, a taya ni da kalma. A jami'o'in Sifaniya akwai abin da suke kira movilidad: mutum ya gama digirin digirgir, ya tafi Jamus ko Ingila ko Amurka ya yi shekara biyu ko uku yana bincike a ƙarƙashin wasu, a biya shi albashi, sannan ya dawo gida neman kujerar koyarwa.

2/ Wani ya ce zirga-zirga. Wannan ta ababen hawa ce. An kawo hijira, amma tana da nauyin addini, kuma kunne zai jiyo gudun hijira. "Tafiya karatu" ma ba ta zauna ba, don mutumin ya riga ya zama dakta, aiki ya je yi.

3/ Ni dai na tsaya a kan ci-ranin bincike. Ɗan ci-rani yakan fita bayan girbi, ya nufi Kano ko Legas ko Kumasi, gonarsa na jiransa, da hadari ya fara haɗuwa ya kamo hanya. Niyyar dawowa ita ce gishirin kalmar, kuma a kanta Sifaniya ta gina tsarinta tun tuni. A 1907 suka kafa hukumar tura masana waje ƙaro sani, shugabanta Santiyago Ramon i Kahal, wanda ya ci kyautar Nobel a 1906. Shirin da ke ɗauke da sunansa, wanda aka fara a 2001, kwangilar shekara 5 yake bai wa mai bincike, kuma da yawan masu samu daga waje suke dawowa. Tun kafin a kare kundin digirgir ma, mai son a rubuta masa shaidar ƙasa da ƙasa a takardarsa sai ya yi aƙalla wata 3 a wata ƙasar, bisa dokar 2011.

4/ Dalilin matsa wa masana su fita shi ne jami'o'insu sun yi ƙaurin suna wajen ɗaukar ɗan gida: inda ka yi digiri, nan za ka tsufa, a gindin malamin da ya duba kundinka. Mai fita kuma yana iya dawowa ya tarar wanda ya zauna ya riga shi kujerar.

5/ Amma a kula. Bayan rikicin tattalin arzikin 2008 an zaftare kuɗin bincike, matasa suka watse. A 2013 ministar ƙwadago Fatima Banyes ta kira ficewar da wannan kalma ta movilidad, mutane suka yi mata ca, matasan kuwa takensu shi ne ba tafiya suka yi ba, korarsu aka yi. Irin wannan kada mu ce masa ci-rani. Wanda ya kwashe iyali ya sa yara makaranta a birnin Balin na Jamus, ƙaura ya yi.

6/ Ƙorafi ɗaya da na karɓa: gidajen rediyo sun riga sun ba masu tsallaka teku zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya sunan 'yan ci-rani, har da ƙarin "baƙin haure". Gaskiya ne. Shi ya sa "bincike" ba zai rabu da ita ba: ɗan ci-ranin bincike, 'yar ci-ranin bincike, 'yan ci-ranin bincike. Malaman Hausa na Bayero da Damagaram, ko akwai wadda ta fi wannan gajarta?