Pneumothorax, me za mu ce masa da Hausa?

Jama'a ku taimaka, a asibitocin Garwa da Marwa dokta sai ya rubuta pneumothorax spontané da Faransanci a karne, wato littafin asibiti, mutum ya fito bai san me ke damunsa ba. Abin da ke faruwa, wata 'yar bororo ce a saman huhu take fashewa ba faɗuwa ba duka, iska ta zirara ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari ta danne shi, sai suka a gefe guda na ƙirji, numfashi ya dinga sarƙewa. Ya fi kama samari dogaye sirara, balle masu shan taba, a wajenmu kuma har da wanda tarin fuka ya taɓa ci masa huhu.

Cikin sunayen da aka kawo, ke Yaya kin ce "fashewar huhu". Haba Yaya, ki faɗa wa tsohuwa huhun ɗanta ya fashe ai sai ta hau salati, alhali ɗan ƙaramin rami ne, in iskar ba ta da yawa ma jiki da kansa yake shanye ta.

Malam kai kuma "iska a ƙirji", gaskiya ma'anar ta yi, amma ka san mutanenmu, da an ce iska ta shige shi sai gidan mai ruƙiya, hoton ƙirji kuma an manta da shi.

Ni dai "sacewar huhu" ta kwanta min, yadda taya ke sacewa, kowa zai gane kuma ba ta tayar da hankali. Ga shi har bawul akwai, don yanzu ba dole sai an kwantar da mutum ba, ana iya zuƙe iskar da allura, ko a sa masa siririn tiyo a ƙirji da bawul ɗin Heimlich mai hanya ɗaya, iska ta fita ba ta komawa, ya rufe da riga ya tafi gida yana zuwa ana duba shi. Wani bincike a Ingila a 2020 ya nuna hakan na rage kwanakin asibiti, sai dai wasu sun dawo da matsala, don haka wanda ƙauyensu ke nesa da gari ban ga ta zama a gida ba. Wannan sai mu ce "jinyar jeka-ka-dawo". In numfashi ya tsananta a koma asibiti a guje, jirgin sama kuma sai an warke sarai.

Saura spontané, "ta farat ɗaya" ko "ta ba gaira ba dalili"? Na Kusiri da Njamena me kuke cewa?