Neman kalma kafin Juma'a: "workshop" da "Inspector of Nuisances"

Hadiza: Salamu alaikum malamai. Ina haɗa shirin rediyo kan yadda aka fara duba tsaftar ƙananan wuraren sana'a a Ingila, ranar Juma'a za mu ɗauka, ga kalmomi biyu sun tsaya min a wuya. Dokar 1867 ta raba wuraren aiki: inda ma'aikata suka kai 50 yana ƙarƙashin dokar masana'antu, wanda bai kai ba shi ne "workshop", aka bar wa hukumomin gari su kula da shi. Yawancinsu ba su taɓuka komai ba, a 1871 aka karɓe aikin aka ba sufetocin masana'antu, sai a 1891 aka mayar wa hukumomin gari da ɓangaren tsafta. Jami'insu shi ne "Inspector of Nuisances". Don Allah kada wani ya ce min taron bita.

Malam Sabo: Na biyun ai babu wahala, duba-gari ne. Kakata har ta rasu in ta ji an ce ga duba-gari sai ta tashi ta leƙa randa, don in ya sa ludayi ya ga tsutsa ɗaya, sammaci ne. Na farkon kuma ki ce shago.

Hadiza: Malam, yawancinsu ba sayarwa ake yi a ciki ba. Ɗaki ne a saman bene a gabashin Landan, teloli cunkushe, ga gawayin guga, taga a rufe, wani lokaci a nan ake kwana. Ko gidan burodi a ƙarƙashin ƙasa, irin wanda dokar 1863 ta ce dole a riƙa shafe bangonsa da fenti ko farar ƙasa.

Dr. Bello: 'Yar masana'anta, ko ƙaramar masana'anta.

Baban Yusra: Haba jama'a! Muna da maƙera, majema, marina, masaƙa, mahauta. Hausa ta daɗe da tsara sunan wurin aiki. Na teloli maɗinka ne, na kowa da kowa kuwa ni na ce MAƘIRƘIRA. Tun bara nake kawo kalmar nan ana share ni. Sana'a Larabci ce, sufeto Turanci ne da aka sa wa hula.

Dr. Bello: Yallaɓai, telan da ke liƙa maɓalli tun asuba har dare me ya ƙirƙira? Kuma maɗinka a rubuce jam'in maɗinki ne.

Baban Yusra: Karin sauti ya bambanta su, kuma rediyo za ta yi, ba jarida ba. Ku 'yan boko kun fi son abin da aka aro.

Issoufou: Mu nan Damagaram atiliye muke cewa, kowane tela ya sani. Duba-gari ma ba kowa zai gane ba. Kullum sai a yanke magana a Kano a ce ita ce Hausa.

Malam Sabo: To ɗan'uwa, mu bar Turanci mu koma Faransanci ke nan?

Issoufou: Ku da kuke cewa tela da burodi.

Baban Yusra: Ai shi nake faɗa! In ta ni ce, jami'in ma Sarkin Tsafta za a kira shi.

Hadiza: Baba, da girman kujerarka, sarauta ba ta shiga nan. Ma'aikacin albashi ne mai auna ɗaki, ya ƙirga mutane, ya leƙa makewayi da magudanar ruwa. A 1893 hukumar unguwar Kensington ta Landan ma mata biyu ta ɗauka, Lucy Deane da Rose Squire, su duba wuraren da mata ke aiki. In ce musu Sarauniyar Tsafta?

Dr. Bello: Duba-garin ya isa, ya hau namiji ya hau mace. Sai dai "nuisance" ɗin ya ɓace: a dokarsu ya haɗa wari, toshewar kwata, cunkoso, duk abin da ke cutar da lafiyar maƙwabta.

Hadiza: Wannan zan bayyana shi da jimla ɗaya. Na ɗauki duba-gari. Ɗayan kuma zan fara da "ƙananan wuraren sana'a", daga baya in ce ɗakin ɗinki ko gidan burodi, gwargwadon wurin.

Baban Yusra: Kalma uku a madadin ɗaya. To, shirinki ne. Amma ko sau ɗaya ki saka maɗinka mu ji yadda za ta fita a iska.

Hadiza: Zan gwada, in furodusa bai yanke ba.