Neman shawara: Stata ta share mini gyaran da na yi

Ɗaliba daga Marwa:
Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digiri na biyu kan farashin albasa a kasuwannin Marwa, kuma ni kaɗai na zaga wurin dillalai, domin wanda ya yi alkawarin taya ni ya tafi Mokolo bai dawo ba, ga malamin da ke duba aikin yana jiran sakamako kafin ƙarshen wata. Jiya na yini ina gyara alƙaluma da hannu a Data Editor, wato teburin gyara bayanai na manhajar lissafi ta Stata, da na kunna do-file ɗin da aka ba ni, wato fayil mai jerin umarni, sai gyaran ya ɓace. Don Allah, akwai hanyar dawo da shi?

Malami daga Garwa:
Wa alaikumus salam. 'Yata, duba farkon do-file ɗin, za ki tarar da umarnin use, mai buɗe fayil, tare da clear, mai share bayanan da ake aiki a kansu. Da babu clear, da Stata ta ƙi buɗe wani fayil ta nuna saƙon kuskure mai lamba r(4), saboda akwai canjin da ba a adana ba. Idan ba ki rufe manhajar ba, kowane gyaran Data Editor yana fitowa a tagar Results a matsayin umarnin replace, sai ki kwashe su zuwa do-file. Gyaran hannu kuwa, ki daina shi.

Ɗalibi daga Kuseri:
Yaya, ki sa save, replace a layin farko, magana ta ƙare. Mu nan wuta ce damuwarmu, ana ɗauke ta kana tsakiyar lissafi.

Malami daga Garwa:
A'a, ɗana. Wannan umarni yana danne fayil na asali, kuma idan akwai ɓarna a cikin gyaran ba ta da wurin komawa. Na asali ba a taɓa shi. A adana da sabon suna mai kwanan wata, a buɗe log, wato fayil ɗin da ke ajiye duk abin da ya fito a tagar Results, tun farko.

Ma'aikaciya daga Ngaundare:
Malam, ai umarnin preserve a saman do-file ya wadatar, tunda Stata tana mayar da bayanan idan ya ƙare.

Ɗaliba daga Marwa:
Na gode, Malam, amma takardun da hannu aka cike su, wasu dillalan da buhu suke faɗin farashi, wasu da kashi, dole sai na duba kowane layi da idona. Do-file ɗin kuma na wanda ya riga ni kammalawa ne, ba zan taɓa shi ba. Batirin kwamfutar ya mutu tun daren jiya, manhajar ta rufe.

Malami daga Garwa:
Kin buɗe log kafin ki fara?