Cokulan da nake sassaƙawa suna tsagewa, ina matsalar take?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗan jima ina sassaƙa cokulan katako don nishaɗi, da yamma in na taso daga aiki. Kayan aikina ƙaramin gatari ne, da miƙaƙƙiyar wuƙa, da wata mai lanƙwasa ta rarake cikin cokali. Ɗanyen reshe nake amfani da shi don ya fi daɗin yanka. Sai in gama cokali sumul, in ajiye shi a bakin taga ya sha iska, bayan 'yan kwanaki in tarar ya tsage tun daga leɓe har tsakiyar ciki. Na baya-bayan nan ya fi yi min ciwo, don na zana wa mariƙinsa ganye tun daga wuya har ƙarshe. Shi ma zanen ba ya fita tsaf, gefen layin sai ya yi gashi-gashi. Itacen ne, ko hannuna?

Mai Gizago:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kana tsaga reshen biyu kafin ka fara, ko haka kake sassaƙa shi a mulmule? Ɗauko wanda ya tsage ka dubi ƙarshensa. Za ka ga wani ɗan ɗigo mai laushi wanda zobban itacen suka kewaye. Ita ce cibiyar itace, kuma kusan duk tsagar da ka gani daga nan ta taso. In itace yana bushewa, tsukewar da yake yi ta kewayen zobban nan ta kusa ninka wadda yake yi daga tsakiya zuwa ɓawo. Muddin cibiyar tana ciki, ba inda zai saki jiki, dole ya fashe. Ka ɗora gatari a kanta daidai, ka buga da guduma ta katako ya rabu biyu, sannan ka feƙe wurin har ta ɓace gaba ɗaya.

Sai batun taga. Itace kamar damin kara yake, ruwa ta bakin karan yake fita, kuma leɓen cokali duk bakin kara ne. Rana ko iska na bugunsa sai leɓen ya bushe, ciki yana jiƙe. Ka rage kaurin kan cokalin tun yana ɗanye, ko'ina ya zo daidai, ka riƙa matsa shi tsakanin babban yatsa da manuni kana ji. Ka jefa shi a jakar takarda tare da ɓarɓashinsa, ka ajiye a inuwa. In kana da ƙaramin sikeli ka riƙa auna shi, ranar da nauyi ya daina raguwa ya bushe. In dare ya yi baka gama ba, ƙulle shi a leda, amma kada ya daɗe, zai yi fumfuna.

Uwar Zane:
Baba ya gama magana a kan tsagewa. Ni zanen zan taɓa, don shi ne abin da na fi so a harkar nan. Ɗan'uwa, ba a yin ado a kan ɗanyen itace. Zaren itacen yana jiƙe, lanƙwashewa yake yi gaban wuƙa maimakon ya yanku, shi ne gashin da kake gani. Ka fitar da siffa yana ɗanye, ka bari ya bushe, ka sake bin sa da wuƙa sama-sama, sannan ado.

Kuma ka gwada kaifin wuƙarka a ƙarshen busasshen katako mai laushi. In wurin ya fito yana sheƙi, ta yi. In ya yi fari-fari kamar an kankare, koma kan dutse. Ni fata nake mannawa a jikin katako, ina goga wuƙar a kai a kai ina cikin aiki, ba na jira sai ta dakushe.

Ganyen da kake so, akwai hanyar da masassaƙan Norwe da Suwidin ke bi, suna ce mata kolrosing. Ba a cire komai daga itacen. Ka riƙe wuƙa kamar alƙalami, ka ja siririn layi da tsininta sau ɗaya, ka shafa garin kofi ko garin ɓawon itace ya shige cikin layin, ka goge, ka murza wurin da wani abu mai santsi layin ya rufe bakinsa, sai mai. Na fi son in fara shafa mai kaɗan kafin garin, don kada ya ɓata gefe. A farin itace yake fitowa da kyau. In kuma rarake kake so, da sarƙa da zuciya, nemi hotunan cokulan soyayya na yankin Wels a Birtaniya. Akwai na shekarar 1667 a gidan tarihi na St Fagans kusa da Kadif. Na kan daɗe ina kallon sarƙoƙin nan, duk daga guntun katako guda aka fitar da su.

Kada dai ka sa samfefa kafin zane. Yashinta na maƙalewa a itacen ya cinye kaifin wuƙa.

Mai Rarake:
Hajiya, a kan samfefa kafin zane na yarda, amma ni ban ga laifinta a cikin kan cokali ba, musamman ga mai koyo. Sai dai bayan an goga a jiƙa shi da ruwa, gashin ya tashi, ya bushe, a sake gogawa. In ba haka ba, wankin farko zai koma kaushi.

Maganar mai kuma a kula. Ɗanyen man linsid, wanda ake tatsa daga irin shukar filaks, ko tsantsar man tung, na ƙwayar wata bishiya, su ne suka dace, don suna daskarewa a cikin itace. Wanda aka rubuta wa dafaffen linsid galibi an zuba masa sinadaran busarwa, na kujera da ƙofa ne, ba na abin da zai shiga baki ba. Man zaitun ba ya bushewa, daga baya wari yake yi. Tsumman da ka shafa linsid da shi kada ka dunƙule ka jefa a kwando, yana iya kamawa da wuta da kansa. Shimfiɗa shi a waje ko ka tsoma a ruwa. Kuma kada ka sassaƙa itacen da baka san sunansa ba, irin su oliyanda, wata shukar fure ta ado, guba ne.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri. Baba, na duba, cibiyar tana nan ta bi ta tsakiyar tsagar. Ina da wani reshe mai gwiwa, in yanke gwiwar in yar?

Mai Gizago:
A'a, kada ka kuskura, ita ce mafi daraja. Tsaga shi ta yadda lanƙwasar za ta zama wuyan cokalin. Zaren itacen ya riga ya bi siffar da kake so, don haka za ka iya siranta leɓen sosai bai karye ba. Wajen rarake ciki ka fara da yankan ƙetare, daga gefe zuwa tsakiya. Inda ka ji wuƙa tana nutsewa tana ɗaga itacen, tsaya, ka juya cokalin ka zo ta ɗaya ɓangaren.