Inda allon ya karye, me kuka zana?

Mai Zanen Ankara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na buɗe wannan zance ne saboda wani abu da ya tsaya mini a rai tun da na fara zana hikayoyin Hittiyawa, mutanen da suka mulki tsakiyar ƙasar da ake kira Turkiyya a yau har daularsu ta watse wajen shekara ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san hikayoyin ba su iso mana a cike ba. A kan allunan yumɓu aka rubuta su, an fara tono su da yawa a Hattusa, kusa da garin Bogazkale na lardin Corum, tun 1906, kuma galibinsu gutsattsari ne. Labari yana cikin daɗi sai ka tarar masana sun jera ɗigo-ɗigo, alamar nan yumɓun ya gutsure. Tambayata ita ce, idan kuka iso irin wannan wuri, me kuke yi?

Nawa ya faru ne da hikayar Telifinu, abin bautarsu na noma da ya yi fushi ya ɓace. An faɗi yadda ya fita a gaggauce har ya sa takalmin dama a ƙafar hagu, na hagu a dama, an faɗi yadda hazo ya rufe tagogi, hayaƙi ya cika gida, tunkiya ta ƙi ɗanta, saniya ta ƙi maraƙinta. Abin da ya ɓata masa rai kuwa yana farkon allon, kuma farkon ya lalace. Na gama shafi shida a mako uku, shafin farko ya riƙe ni wata biyu. Daga ƙarshe na zana ƙofa a buɗe da wani mutum zaune ya juya baya, sai da na gama na lura cewa wuyan mutumin da kafaɗunsa na yayana ne, wanda muka yi saɓani da shi daren da zan taho karatu.

Ƙudan Zuma

Malam Mai Zane, na gode da wannan tambaya, kuma ina neman afuwa idan Hausata ta yi tauri, domin a jami'a na koye ta a Jamus, ba a nono na sha ta ba. Ni daga gidan Yahudawa nake, kuma ina cikin mutanen da rabon nan na namiji ko mace bai yi musu daidai ba, waɗanda a ƙasashenmu suke kiran kansu kwiya. Roƙona ga masu amsa mini shi ne su ce mini "ku", kamar yadda ake yi wa wanda ake girmamawa, ba don na kai matsayin ba, sai don ita kaɗai ce ƙofar da Hausa ta bar mini. Ibrananci ma haka yake, ba ya barin ka yi wa mutum magana sai ka zaɓa masa "ata" ko "at", kamar dai "kai" da "ke". Ranar da malaminmu ya gaya mana cewa nahawun Hittiyanci bai raba namiji da mace ba, rabonsa biyu ne kawai, jinsi na gama-gari da jinsi na abubuwa, na koma ɗaki na kasa karatun komai. Harshen da Bedrich Hrozny ya warware a 1915 ta hanyar jimlar da ke cewa za ku ci gurasa ku sha ruwa, shi ne ya fara ba ni wurin zama ba tare da ya tambaye ni ko ni wane ne ko wace ce ba.

Allon da ya karye mini shi ne na Kumarbi, hikayar yadda abubuwan bauta suka yi ta ƙwace sarautar sama daga juna. Alalu ya yi sarautar sama shekara tara, Anu ya ture shi ya yi tara, sai Kumarbi ya kama Anu ya cije masa gaba ya haɗiye, Anu kuma ya gaya masa kada ya yi murna, domin ya ɗauki cikin Teshub, abin bautar hadari, da kogin Tigris da wani abin bauta mai suna Tashmishu. Namiji ne da juna biyu, kuma daidai inda ake muhawara kan ta ina abin da ke cikin zai fito, allon ya ragargaje, sai 'yan kalmomi suka tsira, ciki har da wadda masana ke fassarawa da "wuri mai kyau". A rukuninmu na masu zane mutane da yawa sun mayar da wurin abin dariya. Ni na kasa. Na zana Kumarbi zaune cikin duhu, hannu ɗaya a kan ciki, ɗayan yana riƙe da gemunsa, fuskarsa kuma ta mutumin da jikinsa ya yi abin da duniya ta ce ba zai yi ba.

Cike giɓi ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Malaman Yahudawa suna da abin da suke kira midrash, wato idan Attaura ta yi shiru kan wani abu, sai su zauna biyu-biyu suna tambayar shirun. A irin wannan zama na ci karo da ayar Ezekiyel 16:3, inda aka ce wa Urushalima ubanta Ba'amore ne, uwarta kuma Bahittiya ce. An faɗe ta ne a matsayin gori, amma ni na ji ta kamar an nuna mini wata kaka da dangi suka ɓoye. Daga baya na san cewa Hans Gustav Guterbock, wanda ya fitar da littafinsa kan Kumarbi a 1946, asalin Yahudanci ne ya hana shi aiki a Jamus ta 'yan Nazi har ya koma koyarwa a Ankara. Wannan ya sa na daina jin cewa kutse nake yi a gonar wasu.

Ba zan ɓoye cewa abin yana da tsada ba. A wurin ibadarmu akwai dattijuwar da ta ga littafin zanena ta tambaye ni ko gumaka ne suka rage mini. A rukunin masu zane kuma, ranar da na ambaci cewa ba na aiki ran Asabar, wani ya bar maganar zane ya shiga tuhumata kan siyasar wata ƙasa da ban taɓa zama a cikinta ba.

Dattijon Zaure

Ƙudan Zuma, na karanta abin da kuka rubuta sau biyu, kuma Hausarku ba ta da abin neman afuwa. Sai dai ina da ja a kan wani ɓangare, kuma zan faɗe shi da abin da idona ya gani. Na je Yazilikaya, wurin bautar nan na cikin duwatsu da ke kusa da Hattusa, inda aka sassaƙa abubuwan bauta maza a jere ta ɓangare ɗaya, mata ta ɗaya ɓangaren. Mai yi mana bayani ya nuna mana Shaushka, mai soyayya da yaƙi, tana tsaye da fukafukai a cikin jerin maza, kuma na fahimci dalilin da ya sa matasa irinku suke ƙaunarta. Amma mutanen da suka sassaƙa ta su ne kuma suka bar mana tsafin wata mata mai suna Paskuwatti, inda ake karɓe mazari daga hannun namijin da ya rasa kuzari a ba shi baka da kibiya, a ce an cire masa mata-mata an mayar masa da mazantaka. Nahawunsu bai raba jinsi ba, amma rayuwarsu ta raba, rabo mai tsanani kuwa. Cikin Kumarbi ma Anu ya faɗe shi ne a matsayin sakayya. Haka nan Hittiyawan da ke cikin littattafan Yahudawa, irin su Efron da ya sayar wa Annabi Ibrahim (AS) kogon Makfela kan shekel 400 na azurfa, ko Uriya sojan Annabi Dawuda (AS), masana ba su haɗu a kan cewa su ne mutanen Hattusa ba, wasu suna danganta sunan da ƙananan masarautun da suka biyo baya a arewacin Siriya, irin su Karkemish.

Ni sassaƙar katako nake yi, kuma ƙa'idata ita ce inda allo ya karye ina barin katakon yadda yake, ko goge shi ba na yi. Na sassaƙa Ullikummi, ƙaton dutsen da aka dasa a kafaɗar Upelluri, ƙaton da ke ɗauke da sama da ƙasa, yana girma har ya kai sama, na kai har inda aka ɗauko tsohuwar wuƙar tagulla da aka raba sama da ƙasa da ita aka yanke shi daga tushe. Ƙarshen faɗansa da Teshub bai tsira ba, saboda haka kashi ɗaya cikin huɗu na allona babu komai a kai. Mutum biyu sun fasa saye saboda sun ce aikin bai ƙare ba.

Mai Surfani

Baba Dattijo, a gafarce ni, ni ban iya barin fili haka ba. Ta hanyar wani dogon labarin zane na Japan, wanda aka buga daga 1995 zuwa 2002, na fara sanin akwai wasu mutane Hittiyawa, kuma rabin 'yan rukuninmu ta nan suka shigo, ko da yake wasu suna jin kunyar faɗa. Abin da na ɗinka shi ne hikayar macijin Illuyanka, wadda ake karantawa a bikin Purulli. Abar bauta Inara ta nemi taimakon wani ɗan Adam mai suna Hufasiya, suka cika macijin da ci da sha har ya kasa komawa raminsa, aka ɗaure shi. Bayan nan ta gina wa Hufasiya gida a kan dutse, ta hana shi leƙa taga, da aka yi kwana 20 ya leƙa ya hango matarsa da 'ya'yansa, ya fara roƙon a bar shi ya koma gida. Nan allon ya lalace, kuma kowa yana tambayar me Inara ta yi masa. Ni tambayata daban ce, domin matar nan ko suna ba a ba ta ba, layi ɗaya kawai ta samu, a matsayin abin da aka hango. Sai na juya zanen, na ɗinka ta tana tsaye a ƙasa da tulu, ita ce take kallon tagar. Mahaifiyata ta yi shekara huɗu tana jiran mahaifinmu da ya tafi neman kuɗi, saboda haka ban sha wahalar samo fuskar ba.

Ƙudan Zuma

Baba, maganarku gaskiya ce, kuma na fi son a gaya mini ita da a yi mini kara. Ban taɓa cewa Kumarbi irina ne ba, abin da na ce shi ne a gabansa na fara ganin kaina. Tun bayan wata muhawara irin wannan na canza yadda nake aiki. Abin da ke kan allo ina zana shi da baƙin tawada a tsakiyar shafi, abin da na ƙara kuma da ja a gefe, kamar shafin Talmud, babban littafin malaman Yahudawa, inda tsohon nassi yake tsakiya, sharhin malami Rashi da na waɗanda suka biyo shi suna kewaye da shi. Mai kallo ba zai ruɗe ba kan wane ne ya faɗi me. Sunan da nake amfani da shi a nan ma daga hikayar Malam Mai Zane na aro shi, domin bayan gaggafar da aka aika neman Telifinu ta gaza, abar bauta Hannahanna ƙudan zuma ta aika, shi ya samo Telifinu ya harbe shi a hannu da ƙafa har ya tashi.

Dattijon Zaure

To, wannan na yarda da shi, domin haka malamanmu suke yi a gefen littattafan hannu, matani da tawadarsa, sharhi da tasa. A katako ban san yadda zan yi launi biyu ba, sai dai ko in liƙa wani icce daban a wurin, in bar haɗin a fili yadda kowa zai ga ɗinkin.

Mai Zanen Ankara

Na gwada shawarar jan tawadar a shafin farko na Telifinu, kuma wuyan yayana ya fi fitowa fiye da yadda nake so, amma na bar shi. Malama Mai Surfani, a gidan tarihin wayewar Anatoliya da ke nan Ankara akwai sassaƙen dutse daga Malatya wanda ke nuna abin bautar hadari yana faɗa da wani maciji mai naɗe-naɗe, kuma wasu masana suna danganta shi da Illuyanka. Zan je ranar Lahadi in Allah ya kai mu, zan ɗauko miki hotonsa daga kusa, har da gefen da dutsen ya gutsure.